Bugu Uku a Jikin Bututu

Burul ba a gidan bene aka haife ta ba. A can tudun kiwo aka haife ta, cikin tantin gashin tumaki, inda wutar kashin shanu ke ci a tsakiya, gaban mutum na gasuwa bayansa na daskarewa. Ubanta makiyayi ne, uwarta ta haifi tara ta binne huɗu. Da ta isa aure ta auri Duishen, direban motar kwal, ya kawo ta garin Narin. Shekara goma sha ɗaya suka yi a ɗakin haya a bayan kasuwa kafin a ba su gida a hawa na uku na benenmu mai hawa biyar.

Ranar da suka tare ana tsakiyar sanyi. Ta shiga ɗaki ta ji ɗumi, ta duba ko'ina ba ta ga murhu ba. Sai ga wani baƙin ƙarfe a ƙarƙashin taga, mai haƙarƙari bakwai. Ta taɓa, ta janye hannu da sauri. Ta durƙusa tana leƙen ƙarƙashinsa tana neman garwashi, Duishen na tsaye yana dariya har da riƙe ciki. Shi ya nuna mata bututun da ya fito daga daɓe ya huda rufi ya wuce, ya ce ruwan zafi ne daga gidan tukunya, inda ake dafa wa unguwa ruwa, kuma bututun nan guda ne tun daga hawa na ɗaya har na biyar.

"Wato da mu da na sama da na ƙasa duk ruwa ɗaya muke ɗumi da shi?" in ji ta.

"Ruwa ɗaya."

"To Allah ya haɗa mu da masu hankali."

Addu'ar nan dai ba a karɓe ta da wuri ba.

Shekara ashirin da shida Burul ta yi tana wankin zannuwan asibiti, har fatar hannunta ta koma kamar ɓawon itace. 'Ya'ya biyu ta raina, mace da namiji, kuma rabin rainon ƙarfen ɗumin nan ne ya yi. A kansa safar yara ke bushewa, a gefensa ƙullun burodi ke tashi, a gindinsa take ajiye tukunyar madara a naɗe cikin tsohuwar riga ta kwana ta zama kindirmo. Duk shekara idan ƙanƙara ta narke sai ta shafa masa fenti, har haƙarƙarin suka yi kauri.

Wanda ke hawa na biyar yana da aiki ɗaya a shekara. Idan kaka ta yi aka sako ruwa cikin bututu, iska kan taru a can sama ta hana ruwan zagayawa, sai duk layin ya zauna a sanyi. Shi ya sa ƙarfen na sama kaɗai ke da ɗan kan famfo a gefe. A buɗe, iska ta fita tana huci, da ruwa ya tofo a rufe. Aikin da ko akuya za ta iya. A layin su Burul famfon nan yana hannun Toktokan, wata doguwar mace mai ɗinki, wadda mijinta ya rasu da wuri bai bar mata ɗa ba. Ta girmi Burul da shekara huɗu. Ita kuwa ba iska kaɗai take fitarwa da famfon ba, kullum da safe sai ta tari ruwan zafi cikin bokiti don goge daɓe. An hana, kowa ya san an hana, kuma duk na sama suna yi.

Shekarar da Burul ke shirin bikin 'yarta, Toktokan ta tafi ƙauye haƙar dankali, ta manta famfon a buɗe tun lokacin zafi da bututu ke bushe. Aka sako ruwa ba ta nan. Yini guda yana zuba. Ya cika ɗakinta, ya ratsa hawa na huɗu, ya ɓullo ta rufin Burul baƙi ƙirin da tsatsa, ya sauka daidai kan shimfiɗar gashin da Burul ta yi sanyi biyu tana yankawa tana ɗinkawa don ɗakin amarya. Farin ya koma launin hanta, ja da kore suka shige juna.

Da Toktokan ta dawo, ta sauko da faranti cike da soyayyen fulawa, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "To, ruwa ne dai, ba wuta ba. A gode wa Allah."

Iyakar ban haƙurinta ke nan. Burul ta dubi farantin, ta tura shi baya da yatsa ɗaya, ta rufe ƙofa. A wurinmu mayar da abinci daga bakin ƙofa ya fi mari zafi. Daga ranar ba ta ƙara ce mata eje ba, yadda ƙarama ke kiran babba. Sunanta ya koma "ta sama", ita ma nata ya koma "ta ƙasa". Ko da Duishen ya rasu aka kafa tantin makoki a tsakar gida, Toktokan ta sauko ta yi kuka yadda ake yi, ta sha shayi, ta shafa addu'a, ta hau abinta, ba su dubi idon juna ba.

Baki ya yi shiru, amma ludayi bai yi ba. Duk safiya idan Toktokan ta buɗe famfo, bututu sai ya ɗau gurnani yana karkarwa tun daga sama. Burul sai ta ɗauki ludayin ƙarfe ta buga masa uku, ƙwal, ƙwal, ƙwal, wato rufe, ɓarauniyar ruwa. Daga sama sai a mayar da uku, wato ba na ubanki ba ne. Haka kowace safiya a watannin sanyi. Idan aka kashe gidan tukunya sai faɗan ya huta sai wata kakar.

Sai abin tsoho Mukambet ya faru. Shi tsohon mai gadi ne da ke zaune shi kaɗai a ƙofar da ke kusa da tamu. Ya mutu a ƙuryar sanyi, ƙofa a kulle, taga a liƙe da takarda, ƙarfen ɗumi na aikinsa dare da rana. Kwana tara. Ba kukan kowa ne ya sanar ba, hanci ne. Mazan da suka fasa ƙofar sun fito suna amai a kan ƙanƙara, masu wanka kuwa ba su sami inda za su taɓa ba, sai ruwa suka kwarara daga nesa aka naɗe. Mu tsofaffi ba mutuwa ce ke firgita mu ba, wannan mun san da ita. Abin da ya hana mu jin daɗin shayi a shekarar nan shi ne a same ka ta hanyar wari, kai da ka yi rayuwarka kana wanke jiki sau biyar a yini.

A lokacin hawa na huɗu ya riga ya zama kango, masu shi sun kulle sun tafi Rasha neman aiki. Toktokan ta zame a kan ƙanƙara ta karya ƙugu, ta daina sauka. Ɗan ƙaninta kan kawo mata gari da dankali da ganyen shayi sau ɗaya a wata, mai madara kan hau idan ta tuna. Ɗan ƙanin ya ba ta waya, ta sa ta cikin kwano tare da maɓallai. Burul ita ma ta zama ita kaɗai, 'yar tana aure a can kudu, ɗan, Ermek, yana aikin gini a Rasha.

Da aka kashe wutar gidan tukunya a bazarar nan, bututu ya yi tsit. Wata safiya Burul na zuba madara a shayi sai ta ji ƙwal, ƙwal, ƙwal daga sama. Babu gurnani, babu karkarwa, ba ruwan da za a sata. Ta ajiye madarar. Ta daɗe tsaye da ludayi a hannu, tana kallon tabon tsatsar da har yau bai fita daga rufinta ba. Sannan ta buga uku.

Shekara shida aka yi haka, sanyi da zafi. Ta sama ta fara, ta ƙasa ta amsa. Ba wadda ta faɗa wa kowa. Idan an tambayi Burul wannan ƙarar ta mece ce, sai ta ce, "Tsohuwar nan ce, ba ta barin mutum ya sha shayi lafiya."

Ƙarfen ɗumin kuwa ya tsufa tare da mai shi. Tsakanin haƙarƙari na biyu da na uku ya fara hawaye. Burul ta jiƙa tsumma da gishiri ta ɗaure, ta kafa gwangwani a ƙasa, ta yi sanyi biyu a haka. Kakar nan sai Ermek ya zo na kwana biyar, da takalmi mai tsini da jaka mai taya. Ya ga gwangwanin, ya ɓata rai, ya dubi uwarsa.

"Apa, wannan wane irin zama ne? Ranar da ya fashe da ruwan zafi kina ke kaɗai fa?"

"Ya girme ka, bai fashe ba."

"Ni dai ba zan hau jirgi in bar ki da shi ba."

Ranar da zai koma ya shigo da sabon ƙarfe fari fat, mara nauyi, wanda mace za ta ɗauka da hannu ɗaya, da wasu fararen bututan roba. Ya kira Kerimkul fulamba, gajeren mutum mai furfurar gashin baki, wanda ya san cikin benen nan fiye da yadda ya san na matarsa. An riga an cika layi da ruwan sanyi ana jiran a kunna gidan tukunya nan da mako guda, don haka sai an zubar da ruwan layin duka kafin a taɓa komai.

Kerimkul ya sauka ƙarƙashin gida ya rufe makunnai biyu na layin, ya buɗe na zubarwa. Ruwa kuwa ba ya sauka sai an ba shi iska daga sama, don haka ya hau har hawa na biyar ya sa a buɗe famfo. Ya dawo yana share gumi.

"Burul-eje, ta sama ta ce a gaya wa wanda ya sa a zubar mata da ruwa ana gab da kunna wuta, Allah ya ƙara masa hankali, tun da kuɗi dai ya riga ya samu."

"Ka koma ka ce mata wadda ta taɓa wanke hawa uku da tsatsa ba ta da bakin maganar ruwa."

"Ni fulamba ne, eje, ba ɗan aike ba. Gwiwata biyu ce kawai."

Cinara ta hawa na biyu, matashiya mai 'ya'ya uku da baki kamar reza, ta leƙo ita ma tana tambaya ko wa zai biya ta idan fentin rufinta ya ɓare. Ba wanda ya kula ta.

Kerimkul ya ƙwanƙwasa bututun tsaye da sifana ya ce wannan kam da sauran ƙarfinsa, a bar shi, ƙarfen ɗumin kawai za a canza. Ermek ya ce a'a, duka za a cire, daga rufi zuwa daɓe, ba zai bar wa uwarsa tsatsa ko taki ɗaya ba. Burul na zaune a bakin gado tana jin su. A nan ne ya kamata ta buɗe baki, ita da ba ta taɓa rasa abin cewa ba. To amma me za ta ce? Ta gaya wa ɗanta cewa matar da ta yi shekara ashirin da biyu tana zagi a gabansa, da ita take gaisawa kowace safiya? Kuma a ganinta bututu bututu ne, fari ko baƙi. Ta bar su suka yi.

Aka sa injin yanka, tartsatsi ya cika ɗaki. Sauran ruwan ya zubo cikin roba baƙi kamar tawada, da warin tsohuwar rijiya. Maza uku suka ciccibi tsohon ƙarfen suna nishi suna zagin matakala. A bayansa, cikin ƙurar shekara arba'in, aka sami matajin Duishen da haƙoransa biyu a karye, da safar jariri ƙafa ɗaya. Burul ta kaɗe matajin ta sa a aljihu.

Kafin la'asar an gama. Kerimkul ya narka bakin robobin ya haɗa su, ya sauka ya rufe na zubarwa, ya buɗe makunni a hankali. Ruwa ya taho yana ƙugi yana hawa. Ya bi kowace mahaɗa yana shafawa da busasshen yatsa, sannan ya sake hawa sama ya tsaya da bokitin Toktokan har iska ta gama huci ruwa ya tofo. Ko ɗigo babu. Ermek ya ɗauki hoton uwarsa a gefen farin ƙarfen, ya sumbaci goshinta, ya ja jakarsa ya tafi tasha don ya kama motar Bishkek, inda zai hau jirgi.

Da gari ya waye Burul ta yi salla, ta ɗora shayi, ta ajiye ludayi kusa da hannu yadda ta saba. Shayi ya tafasa. Ta zuba madara. Ta sha kofi ɗaya, ta sha na biyu. Shiru.

"Fushi take," in ji ta a ranta. "An zubar mata da ruwa ba a nemi izininta ba. Ta yi ta yi."

Rana ta sauko daga kan dutse ta kama rufin gidan da ke fuskantarmu. Burul ta yi abin da ba ta taɓa yi ba cikin shekara shida, ta fara bugu. Ta buga a jikin robar, sai wani ɗan sauti tub, tub, kamar an taɓa kabewa. Ta buga a jikin farin ƙarfen, ya yi kwas-kwas ya mutu a nan cikin ɗaki. Ta kara kunne a bututu. Sanyi kawai ta ji.

Sai Mukambet ya faɗo mata. Ta tuna mazan nan a durƙushe a kan ƙanƙara, ta tuna jiya an sa tsohuwa mai karyayyen ƙugu tashi har sau biyu tana buɗe wa fulamba ƙofa, da bokiti, da ruwa a daɓe. Ta buɗe akwati ta ciro sabon farin ƙyalle, wanda ta tanada don ɗaure nata muƙamuƙin ranar da rana ta zo. Ta ɗaura kallabi, ta fita, ta juya wajen matakalar da ƙafarta ba ta taka ba tun shekarar ambaliya.

Ba ta kai sama ba. Tana isowa gaban kullalliyar ƙofar hawa na huɗu sai ta ji ja da numfashi. Toktokan ce zaune a kan matakala, tana saukowa da ɗuwawu, taki ɗaya bayan ɗaya, tana tura sandarta a gaba. Zaninta duk ƙura, fuskarta ta yi fari don zafin ƙugu. Ta rame ƙwarai, doguwar macen nan ta koma kamar tsintsiya. A wuyanta farin ƙyalle ne a rataye.

Suka tsaya suna kallon juna.

"Au," in ji Toktokan. "Ba ki mutu ba."

"Ke ma ashe."

"To uban me ya hana ki amsawa? Tun da gari ya waye nake bugu, har ludayina ya lanƙwashe."

"Ke kika buga? Ni ce dai nake ta bugu kamar maƙeriya."

"Kurma kika zama bayan baƙin hali?"

"Roba ce," in ji Burul. Sai a lokacin abin ya zauna mata. "Ɗana ya sa mini roba. Ba ta kai magana."

"Mai takalmi mai tsinin nan? Na hango shi ta taga jiya yana jan jaka. Na ce shi ke nan, ya sa mata sabon ƙarfe ya tafi, daɗi ya kashe ta cikin dare."

Burul ta zauna a matakalar da ke ƙasa da tata. Idon Toktokan ya sauka kan abin da ke hannunta.

"Wannan na mene ne?"

"Majina."

"Ƙarya kike. Sabo ne, ko ninkinsa bai warware ba."

"Naki fa, na wuyan?"

Toktokan ta shafa ƙyallen. "Na ce kada muƙamuƙinki ya sandare a buɗe. Da ranki ma bakin nan bai rufu ba."

Ba wadda ta yi dariya. Iska na shigowa ta fasasshen gilashin matakala, ana jin 'ya'yan Cinara suna faɗa a ƙasa.

"Kwana nawa Mukambet ya yi?" in ji Toktokan, alhali ta sani.

"Tara."

"Ni ko ɗaya ba na so, Burul."

Rabon da sunan nan ya fito daga bakin nan, 'yar Burul ba ta yi aure ba, ga shi yanzu har ta aurar da tata. Toktokan ta zura hannu cikin riga ta ciro makulli a jikin zare ta ɗora mata a cinya. Can kuma ta ce, tana kallon bango, "Shimfiɗar nan taki, na gan ta da kika shanya a lokacin. Ni da nake cin abinci da allura, ban taɓa ganin ɗinki irin wannan ba."

"Sai yanzu?"

"Da na faɗa a lokacin, da kanki ya kumbura."

Mayar da ita sama ya ci su har azahar. Burul ta sa kafaɗa, suna hawa suna hutawa, kowace na cewa ɗayar ce ke da nauyi.

Da yamma Burul ta sauka ƙarƙashin gida da kanta, ta sami Kerimkul yana shan shayi a kan tsohon ƙarfenta.

"Bututuna na tsaye, ka sayar?"

"Ga shi can, sai Asabar mai sayen ƙarfe zai zo."

"Mayar mini da shi."

Kofin ya tsaya a bakinsa. "Eje, jiya-jiya na cika layin nan. Saura kwana shida a kunna wuta. Sai na sake zubarwa, in nemo mai walda, in sake hawa wurin waccan ta ci mutuncina. Robar na zuba ne?"

"Ba ta zuba."

"To me ta yi?"

"Bebiya ce."

Ya dube ta. Shekara talatin yana ƙarƙashin gidan nan, kuma duk abin da aka buga a sama a kunnensa yake ƙarewa. Ya san bugu ukun nan, bai taɓa ɗaga maganar ba. Ya ajiye kofin ya murza gashin baki.

"Ai da kin faɗa jiya. To ki riƙa hawa kina duba ta mana, ko ku yi waya kamar mutane."

"In na riƙa hawa, kafin Juma'a ɗayarmu ta kashe ɗaya. Kai dai mayar mini da ƙarfena. Farin abin ya zauna, kada yaron ya ji haushi. Na tsayen nake so, daga rufi har daɓe."

Aka sake zubar da ruwa. Cinara ta tsaya a kan matakala hannu a ƙugu tana shela cewa tsofaffin gidan nan sun mai da layi abin wasa, yau a cika gobe a zubar. Mai walda ya ƙona wa Burul gefen labule. Da aka sake cikawa, iska ta fita, mahaɗa ta bushe, Kerimkul na can sama bai kai ga saukowa ba sai bututun ya ce ƙwal, ƙwal, ƙwal, tsaf, kamar a cikin ɗakin aka buga. Burul ta bari ya ɗan jima, don kada a ce tana jira. Sannan ta amsa.

Ba su koma ziyartar juna ba. Wanda ya ce maka sun zama aminai bai san su ba. Makullin dai yana rataye a ƙusa kusa da ludayi.

Aka kunna wuta, ƙanƙara ta rufe gari. A cikin kwana arba'in ɗin nan na tsananin sanyi, da tofi ke daskarewa kafin ya kai ƙasa, wata safiyar Talata shayi ya tafasa ba a buga ba. Burul ta buga uku ta jira. Ta ƙara uku. Wannan karon ba ta ce fushi ba ne. Ta ɗauki makulli da ƙyalle ta hau.

Toktokan na kwance a gefenta, fuska wajen bututu, lanƙwasasshen ludayin a kan bargo. Hannunta bai gama hucewa ba. Burul ta fara yin abin da ya fi gaggawa: ta jefa bargo mai kauri a kan ƙarfen ɗumi, ta yage takardar taga ta buɗe ta gaba ɗaya, sanyi ya shigo. Sannan ta rufe mata ido, ta miƙe mata ƙafafu, ta zagaya ƙyallen ƙarƙashin haɓa ta ɗaure a ka.

"To, eje," in ji ta. "Ko yini ba ki yi ba."

Kafin azahar ɗan ƙanin ya iso, aka kafa tanti a tsakar gida. Burul ce ta zuba ruwa a wurin wanka, kuma matan da suka taya ta sun ce gawar tsaf take, kamar mai barci. Aka binne ta a kan lokaci, yadda ake binne mutum mai mutane.

Hawa na biyar ya shiga kulle kamar na huɗu, famfon iska ya koma hannun Kerimkul. Burul ta rage ita kaɗai a saman layin, da ɗaki mai ɗumi da ƙofa mai kulle, kuma ta san lissafin da duk muka sani. Safiya ta huɗu bayan jana'iza ta zuba madara a shayi, hannunta ya kai kan ludayi da kansa. Ta buga uku, ba don kowa ba.

Ba ta kai ga ajiye shi ba sai bututu ya amsa daga ƙasa, da ƙarfi, da fushi, kamar da muciya, har da muryar Cinara tana ratso daɓe: "Haba apa! Jariri na barci!"

Burul ta tsaya da ludayi a hannu. Washegari, daidai lokacin, ta sake bugawa.